Babi na Shida: Kayan da Ƙanƙara Ta Sauke

A dajin da ke bisa garin Neuchâtel na ƙasar Suwizalan akwai wani ƙaton dutse da mutanen wurin ke kira Pierre à Bot. Girmansa ya kai na gidan bene, yana zaune shi kaɗai a gangaren tsaunin Jura, ba shi da dangi ko ɗaya a wurin. Jura tsauni ne na farin dutse, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti. Shi kuwa wannan baƙo giranit ne mai tauri da ɗigo-ɗigo a jiki, kuma asalinsa yankin Mont Blanc ne, tafiyar fiye da kilomita 100 ta kudu. Tsakanin inda ya fito da inda ya zauna akwai fili mai faɗi da manyan tafkuna. Ke nan sai da ya gangaro daga tsaunukan Alps, ya ƙetare filin nan, sannan ya hau wani tsaunin daban. Irinsa ba su ƙirguwa a arewacin Turai. A filayen Jamus da Holan manoma sun daɗe suna tuntuɓe da duwatsun da asalinsu Suwidin da Finlan ne, a gaɓar gabashin Ingila kuma ana tsintar wani dutse da ba a san mahaifarsa ba sai kewayen birnin Oslo na Norwe.

Masanan farkon ƙarni na 19 sun fi ɗora abin a kan ruwa. William Buckland na Jami'ar Oxford ya wallafa littafi a 1823 yana danganta tarin laka da tsakuwar da suka rufe Ingila ga Ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu, alaihis salam. Charles Lyell ya ce a'a, teku ce ta taɓa rufe ƙasashen, ɓallin ƙanƙara masu yawo a bisa ruwa suka ɗauko duwatsun suka yar da su inda suka narke. Wanda ya riga su gane gaskiya bai taɓa zama a ajin jami'a ba. Jean-Pierre Perraudin manomi ne kuma mafarauci a kwarin Bagnes, mai bin awakin dutse har gindin ƙanƙara. Ya lura cewa kogin ƙanƙara yana karce dutsen da ya bi ta kansa, yana kuma barin tsibin baraguzai a bakinsa. Sai ga shi yana ganin karcen nan da tsibin nan can ƙasa cikin kwari, inda babu ƙanƙara ko kaɗan. Ya yanke cewa a da ƙanƙarar ta cika kwarin har garin Martigny. A 1815 ya faɗa wa Jean de Charpentier, shugaban ma'adinar gishiri ta Bex, shi kuwa ya ɗauki zancen shirme.

Sai da injiniya Ignaz Venetz ya bi sawun maganar ya gabatar da ita gaban taron masana a 1829, sannan Charpentier ya sauko. Shi ne kuma ya zaga da Louis Agassiz cikin kwarin Rhône a 1836. Agassiz ya je ne da niyyar ƙaryata su, amma gani ya kori ji. A watan Yuli na 1837 ya tsaya gaban ƙungiyar masanan Suwizalan a Neuchâtel ya ce an yi wani zamani da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin duniya. A 1840 ya fitar da littafinsa, ya kuma zaga Sikotilan tare da Buckland, wanda ya janye tsohon ra'ayinsa a bainar jama'a. Sunan Agassiz ne ya shiga littattafan makaranta. Ni dai ina ganin an tauye wa Perraudin haƙƙi, domin hujjar da dukan ilimin nan ya tsaya a kanta tasa ce: ka dubi abin da ƙanƙara ke yi yau a gabanka, in ka ga irin wannan aiki a wani wuri, to ta taɓa zuwa wurin.

Kogin ƙanƙara yana samuwa ne inda dusar da ta zuba a hunturu ba ta narkewa duka a lokacin zafi. Ta bana ta hau kan ta bara, nauyi ya matse ta ƙasa har ta zama ƙanƙara mai tauri, idan kaurinta ya kai wasu gomman mitoci sai ta fara malala a hankali zuwa gangare. Aletsch, wanda ya fi kowane girma a Alps, tsawonsa kimanin kilomita 20, ba ya wuce mita 200 a shekara ko a inda ya fi sauri. Sannu ba ta hana zuwa. Yana tafe yana ɓamɓaro duwatsu daga ƙarƙashinsa, yana niƙa su da juna har wasu su zama gari, waɗanda suka faɗo daga gefen tsauni kuma ya goya su a baya. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne ƙanƙarar ba ta komawa da baya. Idan aka ce kogin ƙanƙara ya ja baya, ana nufin bakinsa yana narkewa fiye da yadda sabuwa ke isowa. Jikinsa kullum gaba yake yi, kullum kuma yana kawo sabon kaya bakin nan.

A nan ne aikinta ya bambanta da na ruwa. Duk mai haƙar yashi a kogi ya san ruwa yana tantance abin da ya ɗauko: manyan duwatsu su tsaya tun sama, tsakuwa ta biyo, yashi ya kwanta a inda gudu ya ragu, laka ta wuce can inda ruwa ya natsu. Yana kuma goge kaifin dutse har ya zama sumul. Ƙanƙara ba ruwanta da wannan. Dutse mai nauyin tan dubu da ƙwayar yumɓu duk tafiya ɗaya suke yi a cikinta, idan ta narke kuma ta juye su wuri guda kamar yadda tifa ke juye kaya. Abin da ta bari shi masana ke kira til: cakuɗen yumɓu da yashi da tsakuwa da manyan duwatsu, ba hawa-hawa, ba tsari, duwatsun da sauran kusurwoyinsu, wasu da karce a jiki. Wanda ya iya bambance til da shimfiɗar kogi ya iya karanta rabin tarihin ƙasar Kanada da arewacin Turai daga bangon rami kawai.

Idan bakin ƙanƙara ya tsaya wuri ɗaya shekaru masu yawa, narkewa da isowa sun yi daidai, kayan sai su yi ta taruwa a layi guda har su zama dogon tudu mai lanƙwasa. Sunansa moren. Akwai wanda ke taruwa a gefen kogin ƙanƙara, akwai wanda ke bin tsakiyarsa idan rassa biyu sun haɗu, shi ne baƙin zanen da ake gani a hotunan Aletsch. Amma wanda ya fi muhimmanci shi ne na baki, domin shi ke nuna iyakar inda ƙanƙara ta kai. Kimanin shekaru 21,000 da suka wuce, lokacin da sanyin ƙarshe ya kai maƙura, ƙanƙara ta rufe kusan kashi 30 cikin 100 na doron ƙasa, alhali yau ba ta wuce kashi 10 ba. Kaurinta a tsakiyar Kanada ya kai kilomita 3, kuma ruwan da ta riƙe ya sa teku ta sauka da kimanin mita 120. Bakinta na kudu a gabashin Amurka ya tsaya daidai inda birnin New York yake yanzu. Tsibirin Long Island, mai tsawon kimanin kilomita 190, ƙashin bayansa moren biyu ne, Ronkonkoma da Harbor Hill. Tuddan unguwar Brooklyn nasu ne, shimfiɗaɗɗen filin kudancin tsibirin kuwa yashi ne da tsakuwa da ruwan narkewa ya baje a gaban tuddan. Miliyoyin mutanen gundumomin Nassau da Suffolk suna shan ruwan rijiyoyin da ruwan sama ke ciyarwa ta cikin wannan yashi. Cape Cod da tsibiran Nantucket da Martha's Vineyard duk haka aka yi su. A arewacin Italiya kuma jerin moren ne ya kewaye kudancin Tafkin Garda, kuma a kan waɗannan tuddai aka gwabza yaƙin Solferino a 1859, wanda ganin raunanansa ya sa Henri Dunant ya yi kiran da ya haifi ƙungiyar Red Cross.

Mutane sun fi sha'awar abin da ƙanƙara ta sassaƙa, wato ƙololuwa masu tsini da kwaruruwa masu zurfi, su ake bugawa a kalanda. Amma ba wanda ke noma a ƙololuwar tsauni. Rayuwar mutane tana kan abin da ta sauke ne, kuma rabon kowa ya danganta da irin dutsen da ta niƙa kafin ta iso gare shi. A jihohin New England ta bi ta kan duwatsu masu tauri, sai ta bar ƙasa cike da duwatsu. Kowace shekara daskarewar ƙasa da narkewarta na turo sababbi sama, manomi ya kwashe ya jera a iyakar gona. Katangun nan suna nan har yau cikin dazuzzukan da suka tsiro bayan masu gonakin sun gaji sun yi yamma a ƙarni na 19. Can yamma, a Iowa da Illinois, ƙanƙarar ta niƙa duwatsu masu laushi, ta cike kwaruruwa, ta bar fili shimfiɗe mai ƙasa lallausa cike da sinadaran da shuka ke so. Matsalarsa ɗaya ce, riƙe ruwa, kuma da aka binne bututan yumɓu aka tsane shi sai ya zama cibiyar noman masara ta duniya. Ƙurar dutsen da ruwan narkewa ya baje kuma, da ta bushe, iska ta kwashe ta ta jibge a wasu wurare. Ita ce ƙasar da ake kira lowes, wadda ta yi kauri a gefen kogunan Missouri da Mississippi, a kewayen Magdeburg na Jamus, da filayen alkama na Yukiren.

Wannan magana ta shafe mu ta wata fuska. Yawancin ƙasar noma ta Afirka ta Yamma tsohuwa ce ƙwarai, zafi da ruwan sama sun daɗe suna wanke ta, ba kuma abin da ya zo ya niƙa mata sabon dutse, in ban da ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi. Ƙasar arewacin Iowa kuwa shekarunta kimanin 14,000 ne kacal. Idan ana kwatanta amfanin gonar manomin can da na nan, akan ambaci taki da injuna da bashin banki, kuma duk gaskiya ne, amma ya kamata a riƙa tuna cewa ba ƙasa iri ɗaya suka gada ba.

Ba kowa ne til ya yi wa rana ba. Gaɓar Holderness a gabashin Ingila duk til ce mai laushi, teku na cin kusan mita 2 nata kowace shekara, kuma garuruwa kusan 30 sun tafi cikin ruwa tun zamanin Rumawa.

A ƙarƙashin ƙanƙara mai narkewa akwai koguna na ruwa sosai, suna gudu cikin ramuka masu bango da rufi na ƙanƙara. Suna tara yashi da tsakuwa a cikin ramin, a tantance, kamar kowane kogi. Idan bangon ya narke sai gadon kogin ya rage a tsaye bisa fili, dogon tudu siriri mai karkace-karkace. Shi ne eska. A ƙasa mai fadama babu abin da ya kai shi amfani, domin shi kaɗai ne busasshiyar hanya. Tsohuwar hanyar da ta ratsa tsakiyar Ayalan daga gabas zuwa yamma ta bi jerin eska da ake kira Eiscir Riada, kuma a inda ta haɗu da Kogin Shannon aka kafa cibiyar addini da karatu ta Clonmacnoise a ƙarni na 6. Birnin Uppsala na Suwidin yana zuba ruwan kogi a kan eskarsa, yashin ya tace, a janyo shi ta rijiyoyi. Wani lokaci kuma gutsuren ƙanƙara kan rabu da uwa, yashi ya binne shi, in ya narke ƙasa ta rufta ta zama tafki mai zagaye. Dubban tafkunan Minnesota da ƙananan kududdufan filayen Dakota da kudancin Kanada, inda agwagin daji ke ƙyanƙyasa, da yawansu haka suka samu.

Akwai siffa ɗaya da har yau masana ba su daidaita a kan yadda take samuwa ba. Dramlin tudu ne na til mai santsi, gefen da ƙanƙara ta fito ya fi tsayi da wuyar hawa, ɗaya gefen ya gangara a hankali. Ba ya zuwa shi kaɗai. Tsakanin Rochester da Syracuse a jihar New York akwai kimanin 10,000, duk sun fuskanci waje ɗaya, a Clew Bay na Ayalan kuma teku ta shiga tsakaninsu sun zama tsibirai. Wasu na cewa ƙanƙarar ce ta murɗa lakar da ke ƙarƙashinta, wasu na cewa sassaƙa ta yi daga til da ya riga ya kwanta. Wahalar ita ce abin yana faruwa ne ƙarƙashin ɗaruruwan mitoci na ƙanƙara, sai a 'yan shekarun nan ne na'urar rada ta fara hango irinsu suna samuwa a ƙarƙashin Antatika.

Abin da ya fi burge ni a wannan fage shi ne yadda mutane suka mai da tarkacen nan abin karatu. A tafkunan da ke bakin ƙanƙara, ruwan narkewa na lokacin zafi yana kwantar da yashi mai haske, a hunturu kuma saman tafki ya daskare, laka mai duhu ta kwanta a hankali. Fari da baƙi, shekara guda ke nan. Masanin Suwidin Gerard De Geer ya ƙirga waɗannan layuka rami bayan rami, yana haɗa na wannan wuri da na gaba, har a taron masana ƙasa na duniya da aka yi a Stockholm a 1910 ya gabatar da lissafin shekaru 12,000 na ja da bayan ƙanƙara, tun ba a ƙirƙiro awon shekaru da sinadarin kabon ba. A Finlan kuma, a 1908, masu yashe wata hanyar ruwa a Kivisalmi suka ci karo da dutse mai arzikin jan ƙarfe. Otto Trüstedt ya bi alkiblar karcen ƙanƙara da baya, yana tsintar 'yan'uwan dutsen, har ya kai ga uwarsu a Outokumpu a 1910, tazarar kimanin kilomita 50, ma'adinar da ta zama ginshiƙin masana'antar ƙarafa ta ƙasar. Da irin wannan dabara Charles Fipke da Stewart Blusson suka bi ƙwayoyin ma'adinai cikin yashin eska na arewacin Kanada shekara da shekaru, har suka gano lu'ulu'u a Lac de Gras a 1991.

Moren na iya zama madatsa, amma madatsa ce da ba injiniyan da zai sa mata hannu: tsibin duwatsu da yashi ne sako-sako, wani lokaci da ƙanƙara a binne a cikinsa. Yanzu da kogunan ƙanƙara ke ja da baya kusan ko'ina, ruwa na taruwa tsakanin bakinsu da tsohon moren da suka bari. Ranar 13 ga Disamba 1941 moren da ke riƙe da Tafkin Palcacocha a tsaunukan Andes na Peru ya fashe, laka da duwatsu suka afka wa garin Huaraz, aƙalla mutum 1,800 suka mutu. An gina madatsa an sa bututan rage ruwa, amma tafkin yanzu ya fi na wancan lokaci ruwa, garin kuma ya ninka yawan jama'a. A farkon Oktoba 2023 gefen moren na Tafkin South Lhonak a jihar Sikkim ta Indiya ya zabtare cikin ruwa da dare, ambaliyar ta bi Kogin Teesta ta rushe madatsar lantarki ta Chungthang mai ƙarfin megawat 1,200. Mutanen da ke zaune a ƙarƙashin irin waɗannan tafkuna, a Peru da Nepal da Pakistan, ba su ne suka fi ƙona man da ke ɗumama duniya ba, kuma na'urar gargaɗi da aikin rage ruwan tafki ba su kai tsadar sake gina gari ba. Rashin yin su sakaci ne.

Mai karatu na iya ɗauka cewa duk wannan labarin ƙasashen sanyi ne. A shekarun 1960 masanan Faransa masu neman man fetur a kudancin Aljeriya suka ci karo da shimfiɗaɗɗun duwatsu masu dogayen karce a layi, da til da ya daskare ya zama dutse, a tsakiyar Sahara. Kimanin shekaru miliyan 445 da suka wuce Afirka tana cikin babbar nahiyar Gondwana, kuma ɓangarenta na arewa maso yamma ne ke zaune a kan ƙarshen duniya na kudu, inda Antatika take yau. Ƙanƙara ta rufe yankin, tana malala zuwa inda yanzu yake arewa. Sawunta yana Muritaniya, yana Tassili n'Ajjer na Aljeriya, yana kudancin Libiya, yana kuma tudun Jado a arewacin Nijar, gaba da Kawar da Bilma inda ayarin gishiri ke zuwa. Matasan da suka yi tururuwa zuwa Jado neman zinariya daga 2014 sun ratsa yankin da masana ke auna kwaruruwan da ruwan narkewa ya haƙa a ƙarƙashin waccan ƙanƙara. Sanyin ya zo tare da ɗaya daga cikin manyan mace-macen halittu guda biyar na tarihin duniya, inda kimanin kashi 85 cikin 100 na jinsunan teku suka ƙare.

Yashin da ƙanƙarar nan da ruwanta suka jibge ya zama dutse mai ƙofofi, wanda a Libiya ake kira Mamuniyat. Da ta narke, teku ta taso ta rufe yankin, baƙar laka mai cike da ragowar ƙananan halittu ta kwanta a bisa yashin. Zafi da nauyin ƙasa na miliyoyin shekaru suka dafa lakar ta ba da mai, man ya tsiyaya cikin ƙofofin yashin, lakar da ke sama kuma ta toshe masa hanyar fita. Daga wannan yashi ake haƙo man filin Sharara da ke kwarin Murzuk, mafi girma a Libiya, mai iya fitar da kimanin ganga 300,000 a rana.